Ruwan da Aka Hana Yaya Hassi

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayata Hassi a Adabka. Tana da shekara sha huɗu, ni tara. Yanzu na girme ta.

Sikila ce da ita, amma a gidanmu sanyi ake cewa. In ciwon ya taso, Goggo Tumba, yayar Babanmu, ke da magana: a lulluɓe ta, a kawo garwashi a kasko, kada a ba ta ruwa, wai shi ke ƙara sanyi cikin ƙashi. Ina tuna leɓenta a tsage, gefensa fari, idonta na bin moɗa duk inda aka kai ta. Ina tsaye bakin ƙofa, ban ce komai ba.

A zangon nan malamar kimiyya a makarantarmu ta Bukkuyum ta zana jar ƙwayar jini a allo. Ta ce fatar ƙwayar na da ƙananan ƙofofi, ta nan wani gishiri mai suna kuloraid ke fita, ruwa ya bi shi. A jinin mai sikila, in ruwan ya tsiyaye sai ƙwayar ta bushe ta lanƙwashe kamar lauje. Masu bincike na gwada magungunan toshe ƙofofin, amma ba su iso gare mu ba. Abin da ke hannunmu shi ne ruwa da zuwa asibiti da wuri.

Da Yaya Hassi ta ji, dariya za ta yi, mai zafi. Can nesa ana wahalar tsare ruwa a jininta, nan gida ana ɗauke mata moɗa. Ajali na Allah ne, na yarda. Ƙishirwar ce ban yarda da ita ba.

Autarmu Nana ma sikila gare ta. Watan jiya ciwonta ya taso, Goggo ta maimaita dokarta. Na je randa na ciko kofi.

"Ke ɗiyag ga, wa ya aike ki?"

"Ba kowa, Goggo."

Na wuce da kofin wurin Nana. Inna ta dube ni, sai ta tallafo kan Nana na ba ta ruwan, ta ce a kira Baba ya kawo babur.

Ba mu da hoton Yaya Hassi, zannuwanta ma an rabar. Abin da ta bar mini shi ne na daina yin shiru. Nana ta dawo daga asibiti da ƙafarta. Goggo ba ta amsa gaisuwata har yau. Kullum da safe nakan durƙusa in gaishe ta, in tashi in cika wa Nana gorarta.