Ciwon da Gambo Ya Aro

Kawu Gambo ƙanin mahaifiyata ne, kuma sunansa ya riga ya faɗi matsayinsa a gida: shi ya biyo bayan tagwaye. Lokacin da aka haife shi a ƙauyenmu, kusa da garin Hajj Abdalla, tagwayen sun fara tafiya, duk wanda ya shigo gidan su yake ɗauka. In baƙo ya zo da alawa, biyu yake kawowa. Mahaifiyata takan ce Gambo ya iya leƙen kwanon wani tun kafin ya iya magana.

Tagwayen suka girma, suka tafi Damazin kasuwanci, suka bar masa hawashar mahaifinsu, gonar da ke shan ruwan madatsar Makwar. Da ana tsammanin zai huta, sai Allah ya haɗa shi da Uzairu, maƙwabcinsa a gida, maƙwabcinsa a gona. Tare suka yi karatun allo, shekara guda suka yi aure, kuma ban taɓa jin sun yi faɗa ba. Gambo ba mugu ba ne. Bai taɓa fatan Uzairu ya rasa wani abu ba. Shi dai a ba shi irinsa, nasa kuma ya ɗara ko da da ɗan yatsa ne.

Shekarar da Uzairu ya sayi farin jaki, Gambo ya yini a kasuwar Hajj Abdalla yana neman wanda ya fi shi tsayi. Ya samu kuwa, amma jakin cizo gare shi, kuma ko an kashe shi ba ya hawa gadar tur'a, babbar hanyar ruwan da ke raba ƙauye da gonaki. Sai Gambo ya ɗaure shi a wannan gefen, ya ƙarasa da ƙafa. In aka yabi audugar Uzairu a gabansa, sai ya ce ai ƙasar wajen ce mai kyau, ko makaho ya shuka zai tsinka.

Abu ɗaya ne Allah ya fifita Gambo da shi, shi ne lafiya. Damina ta zo, zazzaɓin sauro ya kwantar da rabin ƙauye, Gambo na cikin ruwa har gwiwa yana buɗe wa dawa hanya. Ya haura saba'in haƙoransa cif, yana saɓa buhu a kafaɗa. Sai dai bai ɗauki wannan a bakin komai ba, domin ba wanda ke wanke ƙafa ya zo gaida mai lafiya.

Wata shekara, ana gab da girbin dawa, ciwon gefe ya kama Uzairu har ya kasa miƙewa. Gambo ne ya ɗora shi a keken jaki zuwa bakin titi, shi ya tare mota, kuma duk kwanakin da Uzairu ya yi a asibiti a Madani, Gambo ne ke shayar masa da gona kafin ya taɓa tasa. Ramla, matar Gambo, ta ce ko abinci bai ci sosai ba sai da labari ya zo cewa an yi aiki lafiya.

Uzairu ya dawo a rame, da ɗinki a gefe, da kuma wata 'yar kwalba a aljihu. A cikinta akwai dutsen da aka ciro masa daga ƙoda, bai kai ƙwallon dabino ba. Aka shimfiɗa masa angareb, gadon nan na saƙar igiya, a rumfar ƙofar gida, mutane suka fara zuwa. Na ƙauye suka zo, na Abu Na'ama suka zo, har dangin matarsa daga Rusairis. Mai sukari, mai lemo, mai 'yan shila don a yi wa majinyaci romo. Kowa ya zauna sai ya ce a nuna masa dutsen, Uzairu kuma ya ba da labarin yadda aka sa masa barci, da yadda ya farka ya ga likita na murmushi. Kullum labarin na ƙara tsawo.

Da farko Gambo na zama a gefen angareb yana taya karɓar baƙi. Daga baya aka lura ya koma bakin rumfa. In kwalbar ta zagayo kansa, sai ya miƙa wa na gaba ba tare da ya duba ba. Ya ce wa wani tsakuwa ce kamar kowace, akwai irinta cike da bakin kogi.

Abin da ya ƙarasa shi zuwan tagwaye ne. Yayyen nasa, waɗanda ko da salla ba kullum suke zuwa ba, suka taso takanas daga Damazin gaida Uzairu. Suka yini a rumfa. Da za su tafi suka leƙo gidan ƙaninsu, ɗaya ya dafa kafaɗarsa ya ce shi kam Gambo ƙarfe ne, ba a damuwa da shi.

Washegari ya dawo daga sallar asuba, maimakon ya ɗauki fartanya sai ya koma gado ya ja mayafi. Ramla ta shigo ta tsaya a kansa.

"Malam, mi ke damunka?"

"Gefena," in ji shi, ya dafe dama.

Da ta dawo da hantsi ta sake tambaya, sai ya dafe hagu. Ramla ta shekara arba'in da wani abu tana zaune da mutumin nan. Ta fita ta tsinko ganyen darbejiya, ta haɗa da bagaruwa, ta dafa har ruwan ya yi baƙi. Ta sanar da shi cewa mai ciwon gefe ba ya shan jabana, wato gahawar nan mai citta da ba ya iya wuni ba tare da ita ba, ba ya cin nama, ba ya kusantar sukari. Kunu tsararo kawai, sai magani safe da yamma. Sannan ta aika a gaya wa mutane Gambo ba lafiya.

Liman ne ya fara zuwa. Ya ce salamtak, wato sannu da jiki, ya yi addu'a, ya tambaya ko an ga dutse. Da aka ce ba a gani ba tukuna, sai ya gyara zama ya shiga ba Gambo labarin dutsen Uzairu, kamar Gambo baƙo ne a garin. Waɗanda suka biyo baya ma haka. Ba wanda ya zo da komai a hannu, don duk an riga an kai maƙwabta. Wasu ma ba su zauna ba, daga tsaye suka gaishe shi, suka ce bari su leƙa wajen Uzairu kafin jabana ta huce.

Aka kira Alamin, ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye. Ya danna ciki nan da can, ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya ce jinin Kawu ya fi nasa kyau, in akwai wani abu a cikin nan to wake ne. Gambo ya juya fuska bango. Bayan fitarsa ya ce yaran yanzu takarda kawai suka sani.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen biyu. Kullum da azahar ƙamshin romon 'yan shila ke tsallakowa. Gambo ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce ya ji ana cewa romo na ƙarfafa majinyaci. Ramla ta ce gaskiya ne, amma na waɗanda aka yanka ne, ta miƙa masa kofin darbejiya.

Ana haka labari ya kai wa Uzairu cewa amininsa ya ƙi tashi. Hankalinsa ya tashi ƙwarai. Ya ce a kama shi a kai shi. 'Ya'yansa biyu suka riƙe shi, baƙin da ke rumfa suka biyo baya gaba ɗaya, ɗakin Gambo ya cika har ƙofa. A karon farko ya ga taron da yake so, har ya ɗan ƙara nishi.

Sai wani ya ce ai bai kamata mai ɗinki ya zauna a ƙasa ba. Gado ɗaya ne a ɗakin. Aka lallaɓa Gambo aka sauko da shi kan tabarma, aka kwantar da Uzairu a kan gadonsa, aka sa masa matashinsa. Ramla ta shigo da jabana da ƙananan kofuna, ta bi kowa da kowa, ta tsallake mijinta. Kafin a jima kwalba ta fito tana zagayawa, Uzairu ya ɗaga jallabiya yana nuna ɗinki.

Da ya gama, ya sunkuyo ya kama hannun Gambo, idonsa cike da hawaye.

"Gambo, haka nawa ya faro. Ba ni bari ka kai inda na kai. Na yi magana da yara, gobe da sahe mota na zuwa, a kai ka wurin likitan da ya yanke ni."

Ya shiga kwantar masa da hankali. Ya ce wuƙar ba a jin ta, abin da ake ji shi ne robar da ake zura wa mutum, da allurar da ake soka wa a baya, da kwanakin da ko ruwa sai dai a ɗiga maka a leɓe. Wannan ɓangaren bai taɓa faɗa a rumfa ba. Gambo ya saurara har ƙarshe, ya taɓa gefen dama, ya taɓa na hagu.

"Ka san wani abu, Uzairu? Tun da kunka shigo na ji ya sake ni."

Ya miƙe tsaye, ya gyara rawani, ya ratsa ta cikin mutane, ya ɗauki fartanyarsa a bakin ƙofa. Ramla ta ce tana kallonsa har ya tsallake gada, ko waiwaye bai yi ba.

Kafin magariba magana ta zagaye ƙauye: Uzairu ya kama hannun Gambo, ciwon ya tashi nan take. Aka ce wanda ya leƙa lahira ya dawo ba ya rasa albarka a hannu. Daga ranar, in wani ya kwanta, sai a aiko a roƙi Uzairu ya je ya dafa shi. Shi kansa Uzairu ya yi ta cewa bai san komai ba, amma ba wanda ya saurare shi. Kuma duk inda aka ba da labarin, da sunan Gambo ake kafa hujja. Har a kasuwar Hajj Abdalla wani ya tare shi ya ce, kai ne wanda Malam Uzairu ya warkar? Gambo ya dawo gida ranar bai sayi abin da ya je saye ba.

Har yau in ka tambaye shi, zai ce maka ciwo ya yi na gaske, kuma darbejiyar Ramla ce ta kore shi, ba hannun kowa ba. Ramla kan ci gaba da tsince wakenta. Nasihar da yake yi mana, mu da muka fara furfura, ita ce kada mutum ya kwanta ciwo lokacin girbi, don tsuntsaye sun yi masa ɓarna a dawa a 'yan kwanakin nan, kuma kada ya kwanta a gidan da gado ɗaya ne.

Bara gwiwa ta fara damun Uzairu, ɗansa ya kawo masa sanda mai kan tagulla. Mako bai zagayo ba aka ga Kawu Gambo a kasuwa yana gwada sanduna. Ya zaɓi wadda ta fi ta Uzairu tsawo da kauri. Da yake ƙafarsa lafiya lau take, sandar na rage masa sauri, don haka a kafaɗa yake saɓa ta in zai tafi gona.