Alwalar Kawu Bukar

Kun dai san Kawu Bukar, alwalar da ya ɗaura da asuba ita ke kai shi har lisha. Duk Diffa ban ga na biyunsa ba. Saboda ita ba ya cin wake, ba ya barcin rana, ko a gonar tattasai ruwa sai dai ya jiƙa maƙoshi. Na taɓa miƙa masa ƙosai, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan nan, da ni kake gaba ko da alwalata?"

Sai tansiyo, wato hawan jini, ta kayar da shi a bakin kogin Komadugu. Lokotoro ya rubuta masa ƙwaya, ita kuwa ta kwantar da jini ta tayar da hanji. Ciki ya dinga ƙugi, ga zawo ba sallama. Ranar Juma'a, mutumin da ke tsayawa bayan liman tun kafin a haife ni, sai ga shi yana keta sahu riƙe da ciki. Daga masallaci kogi ya nufa, ya watsa ƙwayoyin a ruwa.

Na ce, "Kawu, maganinka ne fa!"

Ya ce, "Kifi ba su da alwala, su sha."

Muka yi ta roƙo har muka gaji. Ya ce gara ya mutu da tsarki a kan ya rayu yana bin buta. Matarsa Ya Falmata, wadda ta makance, shi ke jan ta shi ke ba ta abinci, ita ba ta roƙe shi ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, in ka tafi da tsarkinka, wa zai miƙo mini tawa butar?"

Washegari ya ce in kai shi likita. Aka canza ƙwaya, abin ya ragu amma bai sake shi ba. Kawu ya sayi ƙatuwar buta, ya koma sahun ƙarshe, wajen takalma. Wallahi ranar ya cika mini ido, don na san abin da ya sadaukar. Masu tsokana suka ce, "Baba Bukar, yau alwala ta nawa ke nan?" Ya ce, "Ku tambayi lokotoro, shi ke rabon."

Haka ya yi ta shan magani yana sintiri, har ya sa Ya Falmata a kabari da hannunsa. Kafin tattasan bana ya nuna, ya bi ta.

Allah ka yafe masa, ka haɗa su inda babu ciwo, ka ba mu ko kaɗan daga irin wannan riƙon amana.