Tsamiyar Hajiya da Masan Tangaran

Ranar wata Laraba, cikin damunar shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, na dawo gida jiƙe sharkaf na tarar da kakata Hajiya zaune cikin taɓo a gindin mangwaro, ta riƙe gwiwa da hannu biyu. Daga tsohuwar salgar ƙarshen gida ta fito, tashi daga tsugunno ya gajiyar da ita har ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Da na kama ta zan ɗaga, sai ta ce, "Takwara, abin da kika gani ya tsaya a idonki." Sunanta na ci, shi ya sa kowa ke ce mini Ummi, ban da ita.

Abin haushin shi ne, ga sabon makewayi nan a jikin ɗakinta. Babana, mai shagon atamfa a Titin Koudoukou nan Bangui, shi ya gina mata saboda ciwon gwiwa, ya sa masai na tangaran irin wanda ake zama a kai, fari fat. Har daga unguwar Kokoro ƙawayenta suka zo ganin "kabinen Hajiya". Famfo kuwa a unguwarmu sai ya ga dama yake zuwa, don haka da ruwan rijiya ake kora shi, ni ke cika bokitin kafin in tafi lakwal. Bayan 'yan watanni sai wata kanta mai ruwan ƙasa ta kewaye cikinsa, daidai inda ruwa ke tsayawa. Hajiya ta leƙa sau ɗaya ta yanke hukunci cewa najasa ce ta bushe, kuma muddin ɗigon ruwan nan ya fallatso wa zanenta, sallarta ta tashi. Ta ja ƙofar ta koma salga.

Babu irin wankin da ba mu yi ba. Mama ta sa toka, ta sa yashi, ta sa garin sabulu, ta tuttula ruwan jabel na kashe ƙwayoyin cuta har idanunmu suka yi ja. Ni kuma na durƙusa da soson buhu ina murza, ina jiyo ƙawayena suna carafke a zaure suna gardama da yaren Sango, ina tsine wa tangaran a raina. Kantar nan ko gezau.

Bayan faɗuwar ta ran Laraba sai Hajiya ta ɓullo da wata dabara da har yau in na tuna raina ke ɓaci: ta rage ci da sha don kada ta buƙaci ko wane makewayin. Kokon safe sai ta kurɓa ta ture, moɗar ruwanta ta yini a cike. Leɓɓanta suka bushe, in ta miƙe jiri ya kwashe ta. Kowa a gidan ya san dalili, amma babu mai bakin faɗa. Mama suruka ce, yaya za ta yi wa uwar miji zancen bayan gida? Baba kuwa ɗan fari ne, ko sunansa Hajiya ba ta kira, iyakarsa ya tsuguna a bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, a daure a sha wani abu." Ta ce ta ƙoshi, ya tashi jiki a sanyaye.

Ni jika ce, tsakanina da ita babu wannan shinge. Wata safiya ina wanke tsohuwar butar ƙarfen da ake ɗumama mata ruwan alwala, na buɗe murfin na ga cikinta ya yi kanta iri ɗaya sak da ta masai. Na kinkime ta har gabanta na ce, "Hajiya, ashe butarki ma tana zagayawa?" Mama ta toshe baki ta shige madafa. Hajiya ta ce, "Ja'ira mara kunya," amma ta karɓa, ta kankara da farce, ta shinshina. Sai ta dogara sanda ta je ta buɗe ƙofar da ta daɗe ba ta taɓa ba. Ta dubi buta, ta dubi masai. "Ashe gishirin rijiya ne," in ji ta. "Wannan ai ba sabulu ke cinsa ba, tsami ne."

Tsamiya a Bangui ba abin wasa ba ce, daga arewa manyan motoci ke kawo ta, Hajiya kuma ɓoyon tata take yi saboda kunun azumi. Ta sa na jawo ƙullin daga ƙarƙashin gado, ta zauna tana ware wadda ƙwari suka ci da wadda ta yi fumfuna, don a cewarta ba a zuba abinci a masai. Muka jiƙa ta yi kauri, muka matse lemun tsamin da ya faɗo ya fara ruɓa. Na kwashe ruwan masai da gwangwani, na tsoma tsummoki na lilliƙa a kan kantar, muka bar su suka kwana. Washegari da na murza sai na ji tana ɓarɓashi a ƙarƙashin soso. Muka yi ta maimaitawa, Hajiya na kan kujera a bakin ƙofa tana nuni da sanda: "Can gefen hagu, takwara, ko idonki na ado ne?"

Ranar da tangaran ya koma fari, ta sa na kwara masa ruwa, ta duba da kyau, sannan ta koma tabarmarta ta ce a kawo mata ruwa a babbar moɗa. Ta kafa kai ba ta sauke ba sai da ta shanye. Baba yana tsaye zai fita shago, sai na ga ya juya yana gyara takalmin da babu abin da ya same shi.

Yanzu a kowane shago akwai kwalbar maganin da ke narkar da kanta kafin shayi ya tafasa, 'ya'yana ba su ma san ana jiƙa mata tsamiya ba. Hajiya ta daɗe da rasuwa, ina kewarta ƙwarai. Mama ce a ɗakin yanzu, gwiwoyinta sun fara, kuma duk tambayar da na yi mata amsar ɗaya ce, lafiya lau. Shi ya sa kullum da yamma nakan aika 'yar autata ta je ta tsokane ta, ta leƙo mini moɗar ruwanta. Abin da tsoho ya ɓoye wa ɗansa, jika yake bari ya gani.