Gwaggo Shekara da Ɓangarori Biyu na Duna

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba, goma ga watan Safar, shekara ta 1311 ta Hijira, bayan sallar azahar, Gwaggo Shekara, mai maganin dabbobi ta Matameye, ta rasu bayan zazzaɓin kwana uku. Ta bar 'ya ɗaya, Salamatu, da jikoki biyar, da wani baƙin kare mai suna Duna a ɗaure a gindin rumbu, wanda ransa yake hannunta.

Gwaggo, kin tafi ba ki ji yadda ta ƙare da Duna ba. Na san wannan ne kaɗai zai dame ki, shi ya sa na zauna in faɗa miki.

Masu karatu daga nesa ba su san ki ba, sai in ɗan yi musu bayani. Shekara arba'in kina cire kaska a jikin karnukan maharba, kina warkar da ƙazuwar kyanwoyi da tantabaru. Mutanen kirki sun sha cewa bai dace dattijuwa mai sallah ta riƙa taɓa kare ba. Amsarki ɗaya ce, cewa ruwan wanke hannu bai ƙare a Matameye ba, ƙasa ma haka. Yawancin waɗannan mutanen kirki na gan su daga baya a ƙofarki, kowa da kyanwarsa a ƙunshe cikin zane, yana cewa ta maƙwabci ce.

Ba ki yarda da magani don mai shi ya rantse ba. Wani mai talla ya taɓa zuwa kasuwa daga Dungu da garin maganin da ya ce ƙanshinsa kaɗai yana kashe kaska. Kika karɓi kaɗan, kika zuba a ƙoƙo, kika jefa kaska ɗaya a ciki kika rufe. Bayan kwana uku kika buɗe a gabansa, kaskar ta fito tana tafiya a natse kamar mai komawa gida daga biki. Sai kika tambaye shi ko garin yana shiga miya.

Haka kika gano abin da duk garin nan ya sani yanzu. Ruwan taba da toka yana zubar da kaskar kare cikin kwana biyu, amma ba ya taɓa ƙazuwa. Ba a kuma shafa wa kyanwa, domin tana lashe jikinta. Wannan a kan kyanwarki kika koya, kuma ba ki taɓa ɓoye kuskuren ba.

Sai ga Duna, karen Ɗan'azumi maharbi, a tsakiyar daminar nan. Kaska ta cika masa kunnuwa, ƙazuwa ta cinye gashinsa har ya koma kamar tsohuwar salka. Mai unguwa Ummaru ya ce saboda yara, in bai warke cikin kwana goma sha huɗu ba a kashe shi. Ɗan'azumi, wanda ya sha tsayawa gaban kura, ya zo miki yana share ido da hannun riga.

Kaskar ba ta ba ki wuya ba. A kan ƙazuwar ne kika yi halinki. Kin san farar wuta a cikin man kaɗanya tana warkarwa, amma sai ayari ya kawo ta, ba kullum ake samu ba. Kin daɗe kina zaton man maɗaci, wanda itacensa yake bayan gari, zai iya maye gurbinta. Sai kika raba karen biyu daga hanci zuwa wutsiya, dama farar wuta, hagu maɗaci. Ɗan'azumi ya roƙe ki ki shafa mai tabbas ko'ina.

Kika ce, “Ɗana, naka kare ɗaya ne. Masu zuwa bayansa fa?”

Ranar kwana na shida kika cika.

Ga abin da ya biyo baya. Salamatu ta ci gaba da shafawa safe da yamma, tana karɓar gaisuwa da hannu mai warin farar wuta. Kwana na goma ya nuna komai. Dama ta bushe, gashi ya fara tsirowa kamar gero bayan ruwan fari. Hagu tana nan jajir, Duna yana ta goga ta a jikin rumbu. A ranar Salamatu ta mayar da farar wuta ɓangaren hagu, amma kwana huɗu ba su isa ba.

Da wa'adi ya cika, mai unguwa ya zo da mutanensa. Ɗan'azumi ya tsayar da karen ta dama, ya kuma tsaya shi kansa ta hagu, wai yana riƙe igiya. Mai unguwa ba yaro ba ne, ya zaga. Ya duba nan, ya duba can, ya daɗe yana shafa gemu.

Ya ce, “Ni kare mai ƙazuwa na yanke wa hukunci. Wannan rabinsa lafiya lau yake, kuma ban san yadda ake kashe rabin kare ba. A ƙara masa kwana goma.”

Jiya suka cika. Duna ya bi ubangidansa daji da sassafe, hagunsa da ɗan saura, amma ba ya susa.

To, Gwaggo, maɗacinki ya faɗi. Da kina nan da kin yi fushin yini ɗaya, washegari ki shiga gida-gida kina faɗa wa mutane kada su ɓata mansu. Salamatu ta riga ta fara wannan zagayen.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki. Yadda kika sauƙaƙa wa bayinsa marasa baki, Shi ma Ya sauƙaƙa miki hisabi, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Salamatu da 'ya'yanta, da dangi na Yauri, da maharban Matameye baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa mu cika da imani. Amin.