Kwalba a Lulluɓe, Kai a Waje

Wiebe yana tsaye gaban rumfar Tjitske mai maganin ganye a kasuwar Asabar ta birnin Groningen, dogo kamar falwaya, keke jingine a ƙugunsa. A goshinsa akwai sabon ɗinki na faɗuwar da ya yi a keke, ko zaren ba a cire ba. Kwalbar ruwan ganyen ginkgo yake jujjuyawa, yana yi wa mai kayan lacca: wai an gwada a kan ɓeraye, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu da suka lalace suka sake tofowa.

"To kai ɓera ne, Wiebe?" in ji Tjitske. "Ka sayi hular kwano mana, kafin ka ƙarasa fasa kan."

Yana dubanta kamar ta zagi uwarsa. "Hular kwano? Ce miki aka yi ni Bajamushe ne? Su ne masu sa ta a kan keke, ba mu ba."

Ina jin tun kafin ya iya magana ya iya keke, kuma likitan da ya ɗinke shi ya yi faɗa har ya gaji, shi ko ya yi kunnen uwar shegu.

Ga shi yana naɗe kwalbar cikin ƙyallen wuyansa, a hankali, don kada ta fashe. Sai ya haye keke, ya kutsa gaban bas, kai a buɗe.