Jiran Mai Tsani

Shekarar da aka sallamo matata Hajiya daga asibiti da injin numfashi, a shekarar ce na fi kowa wayo a East Greensboro, unguwarmu a nan ƙasar waje. Ni na ba kaina wannan matsayi, ba a yi zaɓe ba.

Huhunta ne ya gaji. Injin yana jone da soket kullum, yana tura mata iska ta wata siririyar roba zuwa hanci. In wuta ta ɗauke, akwai ƙaramar tukunyar iska da za ta riƙe ta na 'yan awoyi, daga nan sai motar asibiti. Ni kuma jinya ta sa na rage zuwa aiki a sito, kuɗin wuta ya taru.

Rannan wasiƙa ta zo da jan rubutu. Karatuna a aji uku na firamare ya tsaya, amma na san ba a gaisuwa da jan biro. Na lalubo ranar da za su yanke wuta. Akwai takarda ta biyu a ambulan ɗin, rubutu ƙanana kamar tururuwa. Na ce wannan talla ce. Na ninke ta huɗu na cusa ƙarƙashin ƙafar kujerar baranda, dama ta daɗe tana ɗingishi.

Ban gaya wa kowa ba, don na san aikin. Shekara da shekaru na yi a ƙasarmu ina fama da masu yankan wuta. Mutum ne zai zo da tsani. Ka tare shi tun bai jingina ba, ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka nuna masa mara lafiya, ka sa masa ɗan abu a hannu. Ba a taɓa yanke min wuta ina tsaye ba.

Sai na ɗauki fulas na shayi da dambun naman da aka kawo wa Hajiya tsaraba daga gida, na kafa kujera a baranda.

"Malam, gadi ka samu?" in ji Hajiya ta taga.

"Ke dai yi numfashinki, ki bar min harkar maza."

Kwana biyu shiru. A rana ta uku sai ga farar mota da tsani a kanta. Na manta da ciwon gwiwa. Na tare mutumin, wani ƙato mai gemu, na zuba masa Turancina kaf, wanda bai cika kofi ba. Na nuna masa taga, na dafa ƙirji, na miƙa masa dambu. Ya saurara da ladabi, ya ɗanɗana, ya ce akwai daɗi, ya karɓe robar dambun gaba ɗaya. Sannan ya jingina tsaninsa a gidan maƙwabciyata ya fara kwashe ganye daga indararo.

Maƙwabciyar nan 'yar Jos ce, nas ce, Anti muke ce mata. Ta fito da kayan aiki a jikinta.

"Baba, me ya haɗa ka da mai share min indararo?"

Na yi mata bayani. Sai da ta zauna a matakala tukuna, don kada dariya ta kayar da ita.

"Baba, nan ba wanda zai zo. Wata ce a ofis za ta danna kwamfuta tana shan kofi. Wa za ka ba dambu?" Sai ta kalli tagar Hajiya, dariyar ta tsaya. "Yaushe ne ranar?"

"Gobe."

"Ba su haɗo maka da wata takarda ba?"

Na miƙe a hankali, na karkata kujera.

Ta warware ta, ga shatin ƙafar kujera a tsakiya, har ya huda ta. Ta ce akwai ƙa'ida: in a gida akwai wanda ransa ya dogara da wuta, likita zai cike wannan, kamfani ya yi wa gidan alama.

"Ba yafe maka za su yi ba, kada ka fara murna. Amma ba za su danna haka kawai ba. Za su neme ka, a ba ka lokaci, a raba maka biya. Kwana uku kana zaune a kan maganinka, Baba. Sa takalmi."

Ita ta kai ni asibiti a motarta. Likitan Hajiya ya sa hannu, aka aika, Anti ta kira kamfanin ta yi ta magana da su ina gefe ina gyaɗa kai kamar ina fahimta. Mai karɓar takardu ta tambayi abin da ya huda fom ɗin. Na ce ɓera.

Washegari ban fita baranda ba. Na zauna kusa da injin ina kallon koriyar fitilarsa. Azahar ta wuce tana ci, la'asar ta wuce tana ci. Da na ga ofisoshi sun tashi, na miƙe ƙafa na ce wa Hajiya ai na gaya mata ta bar min.

Ta gyara robar hancinta.

"Ka yi ƙoƙari, Malam. Ina dambuna?"