Bargon Inna a Kan Kwamfuta

Ni ɗan fari ne, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan," shi ke nan. Ban yi boko ba. Da muka baro ƙauyenmu na wajen Nahuce da abin da kai zai iya ɗauka, na kafa rumfar cajin waya a Gusau. Na sha hayaƙin janareta shekara da shekaru. Batir na san shi kamar yadda na san gero.

Ƙanena shi ya yi makaranta. Ya samu aikin rubuta sunayen manoma a ƙauyuka, amma sai da kwamfuta irin ta ɗorawa a cinya. Inna ta sayar da tunkiyarta ta saya masa. Ni da zan kafa rumfa, addu'a ta ba ni.

Ta ɗauki kwamfutar nan kamar jinjiri. In ya jona ta a wuta ya fita, sai ta ɗora ta kan katifa, ta lulluɓe ta da bargon aurenta kada ƙura ta taɓa ta. Cikin bazara, a ɗakin kwano.

Zafi ke kashe batir. Ba a barin shi a jone yini guda, ba a kuma bari ya ƙare ƙarƙaf. Kullum ina gaya wa mutane haka a rumfa. Sau ɗaya na faɗa a gida, ƙanena ya yi dariya ya ce wannan ba ƙaramar wayar tocila ba ce, Yaya. Inna ma ta murmusa. Na kulle bakina. In na shigo cin tuwon rana ina jin fankar kwamfutar na nishi ƙarƙashin bargo. Sai in wanke hannu in ci.

Kafin damina ta sauka batir ya kumbura har ya ɗaga madannai. Ranar da aka tura shi wani ƙauye bayan Tsafe, manoma na layi, kwamfutar ta mutu a hannunsa. Babu wuta a wurin. Aka ba wani mutum aikinsa.

Mai gyara ya ce zafi ne. Washegari Inna ta zo rumfata, zuwanta na farko. Ba ta zauna ba.

"Kai wannan, ka san bargo na kashe ta?"

"Na sani."

"Mi ya hana ka sake faɗi?"

"Ni ba ki taɓa rufa mini shi ba."

Ta daɗe tana kallon wayoyin da ke jere a kan katako. Ta gyara mayafi ta tafi.

Ni na nemo sabon batir. Yanzu a wurina ake cajin kwamfutar, kan faranti, kusa da randa, kuma ina cire ta kafin ta cika. Ƙanena na zirga-zirgar Bunguɗu neman wani aiki, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Bargon kuwa Inna ta ninke shi ta mayar cikin akwati. Duk shigata ɗakinta sai na dubi akwatin.